Kwana Ashirin da Ɗaya a Kwance

Lahadi, 6 ga Oktoba, 6:40 na safe

Dakta Dalia ta raba mana littattafan rubuta awo, aka samu rarar ɗaya, na jefa a jaka. Shi ne wannan. Da Hausa zan rubuta, don babu mai jin ta a cikin ma'aikatanmu.

Yau za a kwantar da su. Maza shida lafiyayyu, da bakinsu suka yarda su kwanta kwana ashirin da ɗaya, ba tashi, ba zama. Gadajen a karkace suke, kai ƙasa, ƙafafu sama, digiri shida. A nan za su ci, a nan za a yi musu wanka, a nan komai. Abin da ke samun 'yan sama jannati ake son gani. Can sama babu nauyi, sai ruwan jiki ya taru a kai, tsoka ta zube, ƙashi ya rage ƙarfi. Mu ba mu da kumbo, gadaje shida gare mu a hawa na uku a unguwar Dokki, nan Misira. Gashin ƙashi na karanta a Madani, can Sudan, kafin yaƙi. A nan ni ce mai tef ɗin awo. In auna sharaɓa, in auna cinya, in rubuta.

Yaya Munzir ya kwana uku a ɗakina, ni na koma falo. Wata goma babu labarinsa, sai ranar Alhamis wasu mutum biyu suka hawo da shi bene a kan kujerar roba. Suka ce daga Aswan suke, suka sauka. Shi kaɗai suka kawo.

Abin da ya fara ce mini shi ne, “Mahasin, ki rantse ba za ki gaya wa kowa na zo ba.”

Na ce, “Har Inna? Har matarka?”

Ya ce, “Ki rantse.”

Na rantse. Inna da matarsa Hiba suna Kassala, suna jira.

Na bar masa shayi da burodi a gefen gado.

Litinin, 7 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Shayin yana nan yadda na bar shi.

Talata, 8 ga Oktoba, 1:00 na rana

Fuskokinsu sun kumbura, dukansu shida. Hanci ya toshe, baya na ciwo. Dakta Dalia ta ce, “Tamam, haka ake so.”

Na gado na huɗu Bahaushe ne. Ina auna masa ƙafa na yi kuskuren lamba, na ce “kash”, sai ya juyo da ido. Ya ce, “Malama, wannan kash ɗin ba na Misira ba ne.” Sunansa Malam Ja'afar, daga Malumfashi, yana digiri na biyu a jami'ar da ke unguwar Darrasa. Rubutunsa a kan ibadar wanda ya bar doron ƙasa ne: ina alƙiblarsa, yaya zai yi sujada, da wace rana zai lissafa lokaci. Ya ce ya gaji da rubuta hukunci a kan abin da jikinsa bai taɓa ɗanɗanawa ba. Sai da ya tambayi malamansa biyu kafin ya sa hannu, ɗaya ya yarda, ɗaya ya ce rigima ce. Ya sa an juya gadonsa ƙafafu na kallon alƙibla, da ishara yake salla.

Ya tambaye ni garinmu. Na ce kakan babana daga Haɗeja ya taso da ƙafa zai je hajji, ya tsaya a bakin kogi a Sudan, har yau ba mu ƙarasa ba. Ya yi dariya har na'urar bugun zuciya ta yi ƙara. Ya ce Hausata irin ta tsofaffin garinsu ce.

Sharaɓarsa santimita 36.4.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Na dawo na tarar Yaya yana barci, zanen rufa ya zame. Tef ɗin yana aljihuna. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya saba.

23.1.

Mutumin da yake ɗaukar buhun dawa a kafaɗa ya hau da shi kan mota.

Akwai shaida a idon sawunsa, duka biyu, ta zagaye. Na ja zanen na rufe.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Hiba tana kira duk Juma'a, don ranar ce maƙwabcinsu yake ba su intanet. Yau ma ta kira. Na ɗauka a kicin, amma gidan ɗaki ɗaya ne da falo, ba inda murya ba ta kaiwa.

“Anti Mahasin, kin je ofishin masu neman 'yan uwa?”

“Na je.”

“Ba suna?”

“Babu.”

“Ko na Malaz kaɗai? Wani lokaci yara daban ake rubuta su.”

Na ce zan sake dubawa.

Ta ce in sha Allahu suna tare, ai ba zai saki hannunta ba. Ta sake ba ni labarin ranar, kamar ban sani ba. Motar masu gudun hijira ta cika, maganin asmar 'yarsu Malaz ya kusa ƙarewa, Yaya ya ce su yi gaba, shi zai ɗauki yarinyar su leƙa kantin magani, su biyo mota ta gaba. Kullum a wuri ɗaya take tsayawa: “Da ni na riƙe ta.” Inna ta karɓi wayar ta yi mini addu'a, ta ce na rame a murya.

Da na leƙa ɗaki ya juya fuska bango. Idonsa biyu.

Asabar, 12 ga Oktoba, 11:00 na safe

Ya ci cokali huɗu na asida, tuwonmu na Sudan. Na ƙirga.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 2:20 na rana

Kwana takwas. Kowannensu ya ragu da kusan santimita ɗaya. Na gado na biyu, wani direba ɗan Giza, ya daina magana da kowa, rufi kawai yake kallo. Dakta Dalia ta ce an saba gani a mako na biyu, har 'yan sama jannatin ma haka suke yi, akwai fom na musamman don wannan. Ta ba ni fom ɗin in cika masa. Tambaya goma sha biyu. Kana jin daɗin abinci? Kana tuna mafarkinka? Kana jin kamar abin da ke faruwa ba da kai ake yi ba?

Na cika masa. A raina na cika wa kaina ma. Na fi shi maki.

Talata, 15 ga Oktoba, 6:10 na yamma

Na ce bari in wanke kayan da ya zo da su. Leda ɗaya ce baƙa, tana ƙarƙashin gado tun ranar. Jallabiya, wando, wani ɗan tawul. A aljihun wandon akwai abin shaƙar nan na masu asma, shuɗi. An rubuta M a jikinsa da jan farce, rubutun Hiba.

Na girgiza shi a kunnena. Babu komai a ciki.

Na wanke wandon, na shanya a baranda. Da ya bushe na mayar da abin aljihun da yake, na ninke, na sa a leda, na tura ƙarƙashin gado.

Na dafa ful, faten wake. Ya yi gishiri.

Laraba, 16 ga Oktoba, 7:00 na safe

Motar haya, aiki, motar haya.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 12:45 na rana

Malam Ja'afar ya ce tafin ƙafarsa ya manta ƙasa. Ya ce abin da bai zata ba, goshinsa ne yake kewa. Kwana goma sha biyu bai taɓa ƙasa da shi ba. “Na rubuta shafi arba'in cewa ishara ta wadatar, kuma ta wadatar ɗin. Amma ban san mutum yana jin yunwar sujada ba.”

Ina naɗe tef na ce, “Malam, ina da tambaya. Ba tawa ba ce.”

Ya ce, “Ai tambayoyin duk ba na masu su ba ne.”

Na ce mutum ne aka sa shi rantsuwa ya rufe baki, kuma akwai wadda take da hakkin ta sani, kullum tana tambaya.

Ya ce shi ɗalibi ne. Amma abin da ya karanta, wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga waninta ya fi alheri, ya yi wanda ya fi, ya yi kaffara. Ya ce wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Sai ya ce, “Shi wanda ya sa rantsuwar, me yake tsoro?”

Na ce ban tambaye shi ba.

Ya ce, “Allah ya sauƙaƙa, Malama.” Bai ƙara ba. 35.2.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Hiba ta samu yadi, mai ruwan ƙwai da ƙananan furanni. Ta nuna mini a waya. Wata mai zuwa Malaz za ta cika bakwai, tana so ta ɗinka mata riga ta ajiye.

“Anti, ke da kike auna mutane. Yarinya tana ƙara tsawo nawa a wata goma?”

Na ce kamar santimita biyar.

“To in ƙara biyar a kan tsohuwar?”

Na ce ta ƙara shida.

Ta ce Allah ya saka.

Na ajiye wayar na wanke kofuna. Wankakku ne dama.

Asabar, 19 ga Oktoba, 3:00 na rana

Bai ci ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 7:30 na yamma

Na tambayi Dakta Dalia, in mutum ya daɗe a kwance sosai, ba kwana ashirin ba, watanni, kuma ba a ba shi abinci irin na mutanenmu ba. Ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta ce tsoka tana dawowa in an matsa mata, ƙashi kuwa sai a hankali, wani ma ba ya dawowa duka. Ta ce hatsarin farko zuciya ce, ta manta yadda ake tura jini sama, mutum yana miƙewa sai ya faɗi. A fara da zama, ƙafafu a ƙasa, minti biyu. Ta buɗe aljihun tebur ta ba ni robar motsa jiki guda biyu, ta ce, “Ki kawo shi in duba shi, ba sai da takarda ba.” Na ce ba ya fita. Ta ce, “Ma'alish, ba komai.”

Na kai masa robar. Na ce, “Yaya, in ba ka motsa ƙafafun nan ba, za su tafi.”

Ya ce, “Su tafi.”

Na ɗaga ƙafar dama da hannuna. Ba ta fi tulun shayi nauyi ba. Na lanƙwasa, na miƙe, sau goma. Bai hana ni ba, bai taya ni ba. Ina ta hagu sai ya ce, yana kallon rufi, “Inda muke ba a miƙewa. Rufin a nan yake.” Ya nuna da hannu, kamu uku daga ƙirjinsa.

Na ce, “Bakwai. Takwas.”

Shi ne magana mafi tsawo da ya yi tun zuwansa.

Talata, 22 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Na gado na biyu ya tashi zaune.

Ni kaɗai ce a ɗakin. Ina gani ya dafa gado, ya ɗago kai, ya sauko da ƙafafu. Ƙa'ida ita ce in yi magana, in danna ƙararrawa, in riƙe kafaɗarsa. Taku huɗu ne tsakaninmu. Na tsaya da tef a hannu ina kallo. Ya zauna kamar minti ɗaya yana huci, ya ce, “Khalas, ya isa, ina son gida.” Sai idonsa ya juye, nas ta shigo da gudu.

Kwana goma sha bakwai na awonsa sun tashi a banza. Saura biyar a cikin shida.

Dakta Dalia ta kira ni ofis. Na gaya mata gaskiya, na gani ban hana ba. Ta ce me ya sa. Na ce ban sani ba. Ta daɗe tana juya biro. Ta ce yana da 'yancin tashi duk sanda ya so, haka takardar ta ce, amma da ya faɗi da ka fa? Ta ce daga yau ba za a bar ni ni kaɗai a ɗakin ba, bayan an tashe su kuma za mu yi magana a kan aikina.

Na ce tamam.

Laraba, 23 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Goma dama, goma hagu. A na ƙarshe na ji Yaya ya tura hannuna kaɗan. Ko ni ce na ji haka.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Wayar ta yi ƙara sau goma sha ɗaya. Tana kan tebur, ina kan kujera. Ban ɗauka ba.

Inna ta bar saƙon murya. Ta ce ko lafiya, ta ce Hiba ta gama rigar, hannu ne kawai ya rage. Ta ce, “Mahasin, ni na haife ki. In akwai abin da kika ji, kada ki riƙe shi ke kaɗai, ba a cin wuta a ɓoye.”

Na saurara sau ɗaya. Na kai wayar ɗaki, na ajiye a kan matashinsa, na danna, na fito.

Na ji ya sake dannawa da kansa. Sau uku.

Asabar, 26 ga Oktoba, 10:00 na safe

Yaya ya zauna a bakin gado. Minti ɗaya da rabi. Ya yi amai.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 3:40 na rana

Yau aka tashe su.

Ba haka kawai ake cewa mutum tashi ba. Ana ɗaure shi a wani tebur, a ɗaga teburin a hankali har ya kusa miƙewa, ana kallon jini da bugun zuciya. Kafin kwanciyar dukansu sun yi minti goma sha biyar lafiya lau. Yau na farko ya yi shida. Na uku ya yi tara. Malam Ja'afar yana ta zuba, yana cewa yau zai ga saman kan Dakta, a minti na bakwai ya ce, “Malama, an kashe fitila ne?” Bugunsa 138. Aka kwantar da teburin da sauri.

Bayan awa biyu aka bar shi ya taka. Ni a dama, nas a hagu. Ya ce kamar a kan ƙaya yake tafiya. Taku biyar ya yi ya ce a tsaya, a ba shi abin salla. Dakta Dalia ta ce ba yanzu ba, kada ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ya Duktura, minti ɗaya.” Ta dubi agogo, ta kawar da kai.

Muka saukar da shi a hankali. Ya sa goshi a ƙasa. Kafaɗunsa suna rawa, ya fi minti ɗaya. Ina riƙe da damtsensa don kada ya kife, ina jin rawar tana shiga hannuna.

Da muka ɗaga shi ya share fuska ya ce sai ya sake rubuta babi na uku. Sai ya rage murya ya ce, “Mai tambayar nan, ta samu sauƙi?”

Na ce tukuna.

34.6.

Litinin, 28 ga Oktoba, 7:30 na yamma

Na gaya wa Yaya. Na ce ranar Juma'a zan ɗauki waya, kuma abin da Hiba ta tambaye ni zan amsa. Zan yi kaffara. Na ce ba shawara nake nema ba.

Bai yi faɗa ba. Ana kiran magariba a masallacin layinmu ya ce, “Kin san abin da za ki ce mata?”

Na ce zan ce ka zo.

“Sai ta ce ina Malaz.”



Ya ce, “Kwana na tara ne. Kafin su kama ni. Ba su ba ne, ƙura ce, da tafiya.” Ya tsaya. “Ni na yi mata salla. Ni kaɗai, ba sahu.”

Na ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Bakina ne ya faɗa. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Na tashi na kunna fitila.

Ya ce, “Ba ke za ki faɗa ba. Ni na karɓe ta a hannunta.”

Talata, 29 ga Oktoba, 11:15 na safe

Ban je aiki ba. Na tura wa maƙwabcin su Inna saƙo, ya ce zai kai musu waya ƙarfe goma.

Yaya ya ce in aske masa gemu. Na aske. Ya ce in ba shi jallabiyar da na wanke. Ya ce ba zai yi maganar a kwance ba. Na zaunar da shi, na jira jirin ya wuce, na sa kafaɗata a hammatarsa. Daga gado zuwa kujerar falo taku shida ne. Mun yi su a minti huɗu. Gumi ya jiƙa jallabiyar.

Na danna lambar, na sa masa a hannu. Muryar Hiba ta fito tun kafin ya kai kunne: “Anti Mahasin! Ina kika shiga, kin tsorata mu.”

Ya ce, “Hiba. Ni ne.”

Na fita, na ja ƙofa, na zauna a matakala. Wata maƙwabciya ta hawo da faranti na burodi a ka, ta gaishe ni, na amsa, na matsa mata ta wuce. Ta cikin ƙofa na ji guɗa, ƙarama, daga waya. Ta Inna ce. Sai guɗar ta yanke.

Minti arba'in na yi a wurin.

Laraba, 30 ga Oktoba, 8:05 na safe

Dakta Dalia ta ce in ci gaba da zuwa, akwai awon farfaɗowa na mako biyu. Ta ce ranar Asabar za ta zo gida ta duba Yaya da kanta.

Jiya da na koma ciki wayar tana kan cinyarsa. Ya ce Hiba ba ta yi ihu ba. Ya ce bayan ya gama, tambaya ɗaya ta yi masa, ko ya sa alama a wurin.

Na ce, “Ka sa?”

Ya ce ya sa. Akwai wata mota da ta ƙone a bakin hanya, ya ciro murfin ƙafarta ya kafa a wajen kai, ya tara duwatsu. Ya ce daga hanya taku saba'in ne, gabas da wata bishiyar aduwa. Ya ƙirga sau biyu don kada ya manta. Duk watannin da ya yi a tsare, shi yake maimaitawa.

Hiba ta ce a rubuta mata.

Na yage shafi daga bayan littafin nan. Ya faɗa, na rubuta. Da na zo kan saba'in hannuna ya ƙi, biro ya yi ta zamewa, takardar ta jiƙe. Na yage wani. Shi ma haka.

Yaya ya ce, “Kawo.” Ya karɓi biron ya rubuta da kansa.